Fuskar da Ba Ta Yi Kama da Fasfo Ba

Tun a matakalar benen ofishin lauya suka fara, Yaya na gaba yana huci, Auta na biye da shi rungume da jakar takardu.

"In yau ma ya ce kyamararsa ta lalace, daga nan kotu za mu wuce, a raba auren nan kowa ya huta."

"Yaya, don Allah... ba don shi muka zo ba, don Lele muka zo."

Lele ita ce 'yarta tilo, an haife ta da ciwon zuciya. Wani asibiti a ƙasar waje ya ba su gurbin tiyata a makon nan, amma ba a fita da yarinya sai da takardar amincewar ubanta, wadda lauya mai hatimin tabbatarwa ya shaida cewa shi ɗin ne ya sa hannu. Uban kuwa yana can wata ƙasar yana walda a tashar jiragen ruwa, kuma rabon Auta da ganin fuskarsa tun bara. Murya na zuwa, kuɗin magani na zuwa, amma da ta danna kiran bidiyo sai ya katse, ya ce kyamara ce. Kyamarar da ta gagari masu gyaran ƙasa guda. Yaya ya daɗe da yanke hukunci cewa mace ce a ɗakin. Auta takan musa da baki, amma zancen ne ke hana ta barci.

Barista dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, ofishinta ɗan ƙarami, fanka na juyawa da ƙyar. Ta juyo musu da allon kwamfuta, ta yi bayani a taƙaice. Za a naɗi komai daga farko har ƙarshe. Zai nuna fasfonsa kusa da fuskarsa, ya zagaya da waya a ga babu mai tilasta masa, ya sa hannu tana kallo, sannan ta buga hatimi. Daga nan su ruga ma'aikata a tabbatar da hatimin nata kafin a tashi aiki, in ba haka ba gurbin Lele sai a ba wani yaron.

Kiran ya shiga. Auta ta matso kusa da allon.

Ɗakin da ya fito a allo duhu ne. Mutum ne zaune da hular sanyi har gira, da takunkumi a fuska. Ya yi sallama, kuma muryar mijinta ce, ko cikin barci ta ji ta za ta gane. Barista ta ce ya buɗe labule, ya cire hula da takunkumin. Ya ce mura yake yi. Ta ce ta tausaya masa, amma ita ba ta buga wa takunkumi hatimi.

"Ranki ya daɗe, ba za a iya ce wa matata ta ɗan fita ba?"

Yaya ya yi tsaki, ya kalli Auta irin kallon na faɗa miki. Ita kuwa ta riƙe gefen tebur ta ƙi motsi.

"Baban Lele, cire kawai. Ko mene ne, cire."

Ya daɗe kafin ya ɗaga hannu. Da haske ya shigo, Auta ta toshe bakinta. Gemun nan da take tsokanarsa da shi babu. Daga kuncin dama har wuya fata ce sabuwa, mai sheƙi, a tattare, ta ja gefen idonsa ƙasa. Ya rame kamar ba shi ne mai cika ƙofa in zai shigo ba. Da ya zagaya da wayar, babu kowa a ɗakin sai gado ɗaya da kwalaben magani a kan taga.

Kansa a ƙasa ya ce tukunyar gas ce ta fashe a wurin aiki, ya yi watanni a asibiti. Ya ga ciwon Lele ya ishe ta, bai ga dalilin ƙara mata nasa ba.

Auta ta rasa wanda za ta fara, kuka ko faɗa. Tausayinsa ya cika ta, haushinsa ma haka, ga kunyar irin zargin da ta kwana da shi. Amma Barista ba ta ba ta lokacin ko ɗaya ba. Ta duba hoton fasfo, ta duba allo, ta sake dubawa, sannan ta cire tabarau.

"Ku yi haƙuri. Wannan fuskar ba ta yi kama da ta fasfo ba. Ba zan iya cewa na tabbatar ba."

"Mijina ne! Wallahi mijina ne, ni zan rantse..."

Barista ta girgiza kai. Ta ce ita kanta zuciyarta ta yarda, amma aikinta ba da zuciya ake yin sa ba. Auta kuma ita ce aka ba izini a takardar, rantsuwarta ba ta shiga. Hanya ɗaya ta rage: a samu wani wanda sunansa ba ya cikin takardar, wanda ya san mutumin sani na ido da ido, ya nuna katin shaidarsa, ya rantse cewa shi ne. In ya yi ƙarya kuma, laifin a wuyansa yake.

Auta ta juya a hankali. Yaya yana tsaye jikin kabad, hannuwa a harɗe, ya kafe allon da ido. Tun ranar da aka kawo maganar auren bai so shi ba, ya ce mai walda ba zai riƙe masa ƙanwa ba, kuma shi mutum ne da ba ya janye magana. Ta buɗe baki za ta roƙe shi, Barista ta ɗaga mata hannu, ta ce ba a roƙon shaida.

Yaya ya jawo kujera ya zauna, ya matso da fuskarsa dab da allon. Ya yi ta kallo.

"Kai, buɗe bakinka in gani."

"Na'am, Yaya?"

"Na ce ka yi murmushi, ko shi ma ya lalace kamar kyamarar?"

Dariya ta ƙwace wa Baban Lele, rabin bakin ne kawai ya motsa, amma haƙoran sun fito.

"Shi ne," in ji Yaya. "Wushiryar nan da ya yaudari ƙanwata da ita, wuta ba ta ci ta ba. Kawo in rantse." Ya zaro katinsa ya ajiye, ya ƙara da cewa, "Kai kuma sakarai, ba ka da 'yan'uwa ne da za ka kwanta kai kaɗai?"

Ya rantse. Baban Lele ya sa hannu da yatsa a kan wayarsa, sa hannun ya fito a allo, Barista ta buga hatimi ta fitar da takardar. Yaya ya fizge ta ya yi waje tayar da mota, yana goge ido yana cewa fankar nan ƙura take watsawa.

Barista ta ce ta kashe naɗin, ta tashi wai za ta sha ruwa, ta jawo musu ƙofa.

"Auta... ki yafe mini."

"Zan yafe, masoyina, amma ba yau ba. Gobe da safe za ka kira da kyamara a buɗe. Lele ba za ta shiga ɗakin tiyata ba ta ga babanta ba."

"Za ta tsorata."

Auta ta ɗora tafin hannunta a kan allon, daidai kuncin da ya ƙone, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Za ta tsorata, ta yi kuka, sannan ta saba. Ni ma haka zan yi."