Rabin Lita a Wuni

— Ruwa fa ya roƙe ki, ke yarinya! Ruwa, ba zinariya ba!

Inna ce ta faɗi haka daga bakin ƙofa, ko mayafi ba ta cire ba. Surukarta Auta na durƙushe gaban kujera, tana tsiyaya ruwa a ɗan ƙaramin kofi daga wata gora da ta yi wa zane da biro. Mijin Auta, ɗan Inna, mai gyaran waya da kowa ke ce wa Injiniya, ya bi gorar da ido, leɓensa duk ya tsage.

— Inna, sannu da zuwa, in ji Auta. Likita ne ya ce rabin lita a wuni. Ƙodarsa ba ta fitar da ruwa, duk abin da ya sha a jikinsa yake zama sai ranar wanki.

— Likita! Shi likitan ya taɓa wuni da ƙishirwa? Ko kare aka ɗaure ana ajiye masa ruwa!

Wata takwas ke nan Injiniya na kan injin wankin ƙoda. Sau uku a sati, awa huɗu, jininsa na fita ta wannan roba yana komawa ta waccan. Auta ke kai shi, ita ke dawo da shi yana jiri. Ta daina sa gishiri a girki, ta daina shan ruwa a gabansa. In ƙishirwa ta ci ƙarfinsa ta fasa masa ƙanƙara ya tsotsa, yana yi mata tsiya wai Madam Kwastan, ko ɗigo ba ya wucewa sai da izininta.

Ranar dai ba a yi tsiya ba. Inna ta ce ɗanta ya tashi su tafi gidanta, tunda ba daga sama ya faɗo ba.

— Don Allah ka faɗa mata, in ji Auta. Kai ma ka ji abin da likita ya ce.

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ƙishirwa ta fi shi ƙarfi. Ya sa takalmi ya bi uwarsa, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi duk faɗan Inna yi wa Auta ciwo. Ta zauna a tsakar ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura.

A can kuwa Inna ta ajiye masa jug cike da ruwan sanyi a gefen gado, yana ƙarewa tana ƙarawa. Zuwa asibiti ma ta hana, wai injin ne ke shanye masa jini. Kullum Auta sai ta zo ƙofar gidan ta yi sallama ta ce:

— Inna, ranar wanki ta wuce fa.

Kullum a rufe mata ƙofa.

Rana ta huɗu da hantsi wayarta ta yi ƙara. Inna ce, da wata murya da ba ta san ta da ita ba.

— Ki zo! Ba ya iya kwanciya, numfashi ya ƙi!

Ta tarar da shi zaune yana haki, ƙafafu kamar an hura su. Ba ta tsaya magana ba, ta tare mota.

Da aka gama wankin gaggawa, wata nas mai faɗa ta fito tana cire safar hannu.

— Lita huɗu muka cire, har huhunsa ruwa ya shiga. Saura ƙiris! Ke ce matarsa? Haka ake jinya? Wa ya ɗura masa ruwa haka?

Auta ta bar faɗan ya sauka a kanta. Inna ta dube ta, ta dubi nas, sai hawaye.

— Ni ce. Da hannuna.

Likita ya ce zuciyarsa ta fara gajiya, dashen ƙoda ya kamata a yi in akwai mai bayarwa. Inna ta miƙe tsaye ta ce a cire nata duka biyun. Aka auna ta, ga hawan jini ga suga, aka ce ina! Sai Auta ta miƙa hannu aka ɗebi jininta. Gwaji bayan gwaji, wata biyu cur, kafin aka ce ta dace.

— Bayan abin da na yi miki? in ji Injiniya, ya kasa haɗa ido da ita.

— Kai da kake cire batirin wannan waya ka sa wa waccan? Ƙoda biyu gare ni, ina da sifiya, malam. Amma ban manta ba fa. Ka warke tukuna, za mu yi maganar.

Da ta farfaɗo daga tiyata, gefen cikinta na zafi kamar an ɗora garwashi, mutum ta fara gani zaune kan kujerar roba yana yi mata fifita.

— Inna? Ina shi?

— Yana can, sun ce ƙodar ta kama aiki. Magani ne dai zai sha har ƙarshen ransa.

— To ki je wajensa mana.

— Shi likitoci sun kewaye shi. Ni nan zan zauna, 'yata. In za ki iya, ki yafe mini.

 Auta ta miƙa hannu, tsohuwar ta riƙe da hannu biyu.

To, 'ya'yana, ku ji da kyau. Ba duk mai ba ka abin da ranka ke so ne ya yi maka alheri ba, ko da uwarka ce, kuma ba duk mai hana ka ne maƙiyinka ba. Yarinyar nan an zage ta, an rufe mata ƙofa, mijinta ya yi shiru a ranar da ya kamata ya buɗe baki. Da ta yi zuciya ta kwashe kayanta, babu wanda zai ga laifinta. Amma da yanzu ta'aziyya ake karɓa a gidan.