Miliyan Ɗaya da Ɗaya

A layin karɓar magani ya fara ganinta, tana gyara wa wani tsoho maɓallin riga. Kallo ɗaya ya yi mata ya manta abin da ya kawo shi. Da ya dubi tsohon sai ya gane malaminsa ne na lissafi, wanda a da in ya ɗauki alli ko tari ba a yi a aji. Yanzu ciwon mantuwa ke cinsa a hankali.

Auta ake ce mata, 'yar tsohon ce. Da ta ji shi ma lissafin yake koyarwa, ta laƙaba masa Ɗan Alli. Kafin a ankara sun shaƙu.

Ranar da ya je gaisuwa, Baba ya ƙare masa kallo.

"Miliyan ɗaya da ɗaya. Mara ce, kuma ba lambar da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ko ba haka ba?"

Auta ta ƙifta masa ido daga bayan kujera. A gidan, kome Baba ya faɗa "haka ne" ake cewa. Amma tsohon nan ne ya koya masa kada ya amsa abin da ya san kuskure ne.

"Baba, a gafarce ni, ɗari da ɗaya na raba ta."

"Ni za ka yi wa gyara? Fita! Ba zan ba ka 'yata ba."

Da yamma saƙonta ya shigo: "Ɗan Alli, ƙarya ɗaya tak ta gagare ka saboda ni? Likita ya ce hankalinsa na gab da tafiya. In bai amince ba, wallahi ba zan yi aure ba."

Ya mayar mata: "Hasken idona, kowa na lallaɓa shi kamar yaro. Ni malamina na gani."



Baba ya daina cin abinci. Ya sa aka kawo alli, ya zauna dirshan a tsakar ɗaki, ya rubuta ya goge, ya sake rubutawa. Lissafin da a da yake gamawa kafin shayi ya huce. Auta na bakin ƙofa tana sharar hawaye.

Wata safiya ya ce a kira yaron. A ƙasa, da rubutu mai karkarwa, ga shi: 101 × 9901 = 1,000,001.

"Kai kaɗai ka yarda ka nuna mini kaina ya fara zuba," in ji Baba. "Na ba ka ita. Ku yi sauri, tun ina sanin sunanta."

Sun yi saurin, amma ciwon ya riga su. Ranar aure Auta ta durƙusa gaban Baba, ya dube ta ya ce, "Wannan 'yar wa ce?"

Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka. Sai ya hangi ango, fuskarsa ta washe.

"Kai ne mai ɗari da ɗaya!"

Ya kamo hannunta ya sa a na angon.

"Yarinya, ban san ki ba, amma wannan ba zai yi miki ƙarya ba. Allah ya yi muku albarka."