Kayan da Kwamfutar Marigayi Ta Ajiye

Mai shara ce ta fara ganin gawar da safe, a ƙasan benen da ke bayan kantin magani. Mai kantin ne, wuyansa a karye. Kafin Sufeto ya iso an riga an tsare maigadi, dattijo mai rawar hannu, don a aljihunsa aka sami mukullin ƙofar baya.

Babu kowa a ofishin sama, amma kwamfutar marigayi na kunne. Allon shuɗi ne, wasu ɗigo suna ta zagaye a tsakiya, a ƙasansu an rubuta kada a kashe. Kujerar na fuskantar allon kamar mai ita ya ɗan zaga ne zai dawo. Sufeto bai zauna a kanta ba.

"A nan kyamarar bene take ajiye abin da ta ɗauka?" ya tambayi surukin marigayi, mijin 'yarsa, wanda ake kira Injiniya saboda shi ke kula da na'urorin kantin.

"A nan, ranka ya daɗe. Sai dai manhajar ta sabunta kanta, ta share komai. Haka suke yi."

"Jiya da yamma kana ina?"

"Gida, tare da iyalina."

A gidan makoki, da Sufeto ya gaya wa matar marigayi haka, ta girgiza kai.

"Sabuntawa? Mijina? Duk ranar da abin nan ya nemi sabuntawa, 'sai anjima' yake danna masa. Cewa yake wanda bai gaji da tsohuwar matarsa ba, ba zai gaji da tsohuwar manhaja ba."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta.

Da Sufeto ya koma ofishin, ya sa aka kira Kofur, 'yar sandan da ke sashen kwamfuta. Ta zauna ta yi ta dube-dube, sannan ta nuna masa wani jan layi.

"Yallaɓai, rumbun ajiyar kwamfutar ya kusa cika. Ɗakin da aka share ba ya cika haka."

"Me ke ciki?"

"Tsohuwar manhajar, da duk kayanta. Wanda ya ɗora sabuwa bai goge rumbun ba. In ba a goge ba, kwamfuta ba ta zubar da tsohon kaya, tattara shi take yi a folda guda, ko mutum zai nemi abinsa. Bayan 'yan kwanaki sai ta share da kanta."

"Ita ta ɗora wa kanta sabuwar?"

"Ina! Da filashi aka ɗora, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, da hannun mutum."

Sufeto ya tuna hannun maigadi, wanda ko biro bai iya riƙewa ba. Ya aika a zo da Injiniya.

Da ya shigo aka rufe ƙofa. Kofur ta buɗe folda ta danna. Allon ya nuna bene, babu kowa a kai. Sai muryar marigayi ta cika ofishin, a hankali, kamar yana tsaye a bayansu.

"'Yata ba jaka ba ce da za ka riƙa jibga. Gobe zan zo in ɗauke ta."

Ya bayyana a saman bene, ya juya baya zai sauka. Hannu biyu suka biyo shi. Sannan fuskar mai hannun ta leƙo, ta ɗaga kai ta kalli kyamara kai tsaye.

Injiniya ya kalli kansa a allon.

"Na ɗauka na share," ya ce.

"Ka share me?"

"Komai. Sauri nake, na tsallake wurin gogewa. Ni na tura shi. Cewa ya yi zai raba ni da matata."

"Ka kuma bar dattijo ya tafi kurkuku a madadinka."

Aka sa wa Injiniya ankwa aka fita da shi. Sufeto ya buga waya caji ofis ya ce a saki maigadi.

Yana ajiye wayar, wani ɗan saƙo ya faɗo a kusurwar allon ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Kwamfutar na tambaya ko a share tsofaffin fayiloli don a sami sarari.

Kofur ta janye hannunta daga teburin a hankali.

"Kwafe bidiyon yanzu," in ji Sufeto. "Ina tsaye."