Bas ɗin Muzdalifa a Watan Safar

Ni da na shekara arba'in a Makka ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba askarin da ya taɓa riƙe rigata, ba na ƙarya. Ni na tsinci jakar Isufu, jiƙe sharkaf, a inda ba ruwa.

Isufu ya baro Jidda ne don aikin shara a wani bene a unguwar Aziziyya a Makka. Mai aikin ya ce ya sami ɗaki kusa, ko a ba wani. Kwana uku yana ƙwanƙwasa ƙofofi, kowa sai ya ce da Larabci, "Fen iƙama?" wato ina iƙama. Masu tasi ma ba sa tsaya masa. Daren na uku ya yi ta tafiya har Muzdalifa, fili fayau ba kowa, don ba lokacin Hajji ba ne.

Sai ga tsohuwar bas ta tsaya, ba ƙarar inji.

"Shigo, ɗan'uwa," in ji direban da Hausa. "Masauki kake nema?"

Isufu ya shiga. Mutane maƙil cikin harami, shiru. Ƙarnin teku ya buge shi. Dattijon da ya zauna kusa da shi, ruwa ne ke ɗiga daga haraminsa, gishiri ya bushe a gemunsa.

"Baba, ina za a sauke mu?"

"Mu ma masaukin muke nema, ɗana. Tun da muka hau jirgin ruwa a Sawakin ta Sudan ba mu sauka ba."

Isufu ya miƙe zai fita. Ruwa a cikin bas ɗin ya riga ya kai masa gwiwa.