Ɗakin Da Aka Shafe Ƙofarsa

Da hantsi Naja'atu ta shigo caji ofis na Karaye riƙe da tef ɗin awo, ta gaida Sufeto Bahauddeen, ta ce ta zo kawo rahoton ɗaki ya ɓace.

Sufeton ya ɗago kai ya dube ta. An sha kawo masa ƙarar ɓatan akuya da babur, har da kwanon rufi, amma ɗaki sukutum bai taɓa ji ba. Sai dai matar ba ta yi kama da mai wasa ba. Ma'aikaciyar haraji ce, cikin masu bi gida-gida suna auna fili da ƙirga ɗakuna, don a yanka wa kowane gida abin da zai biya.

Ta ce wani tsohon gidan gado ne za a sayar, mai saye ya dage sai an kimanta harajin kafin a sa hannu. Ta auna bangon gabas ta waje, ta shiga ta auna ta ciki, awon ya ƙi haɗuwa. Abin da ya rage ya isa ɗaki guda, amma babu ƙofa babu taga.

"Wannan ai sai maginin da ya yi gidan," in ji Sufeto.

"Haka na ce, yallaɓai. Sai na ga tsohuwar gidan ta zo ta ajiye kwanon fura a gindin bangon, ta yi sallama, ta tsaya kamar mai jiran a amsa."

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira kofur biyu.

Gidan ƙasa ne mai kauri, irin na da, da zaure mai sanyi ko da rana tsaka. Tun da farashin gidaje ya haukace a garin, duk maƙwabta sun sayar, an rushe an kafa shaguna da gidajen haya. Shi kaɗai ya rage a layin, kamar haƙori ɗaya a bakin tsoho.

Sanusi, babban ɗan gidan, ya tare su da gaisuwa mai tsawo, irin wadda ake yi wa baƙon da ake so ya tafi. Ya ce mahaifinsu ya bar gidan gare shi da ƙanensa Aƙilu da mahaifiyarsu Turai. Aƙilu ya tafi ci-rani kudu tun damina biyu da suka wuce, ko waya bai yi ba. Ɗaki kuwa, ba a taɓa yin ɗaki a wurin ba. Iya makauniya ce, tsufa ya taɓa mata kai, da an sayar da gidan zai kai ta wurin 'yan'uwa a Kafin Dafga ta huta.

Tsohuwar tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, tana jin duk abin da ake faɗa a kanta. Sufeto ya durƙusa ya gaishe ta.

"Iya, furar nan ta wa ce?"

"Ta Aƙilu ce. Yana ciki."

Ta faɗe shi a sanyaye, kamar mai cewa ya shiga wanka. 

Ta ce ta je ta'aziyya Kurugu ta yi kwanaki. Da ta dawo ta bi bango da hannu kamar yadda ta saba, ta kai inda ƙofar ɗakin Aƙilu take, sai hannunta ya wuce sumul. Ta koma ta sake bi. Kowa ta tambaya sai ya ce ruɗewa ce, har matan unguwa suka fara yi mata maganar da ake yi wa yara. Abin da ya fi ci mata rai ke nan, a ce hannun da ya shekara arba'in yana tura ƙofar nan shi ne maƙaryaci.

"Kuma an sace mini likkafanina," ta ƙara.

Sanusi ya yi murmushin ban haƙuri, ya ce ka ji irin abin da suke fama da shi. Sufeto ya miƙe. Ya je ya shafa bangon. Yaɓen tsakiya ya fi na gefe haske, kuma an yi shi birkice, babu hannun magini a ciki. Ya ƙwanƙwasa gefe, ya ƙwanƙwasa tsakiya. Ƙarar ba ɗaya ba ce.

"Malam Sanusi, har yanzu babu ɗaki?"

Sanusi ya sunkuyar da kai, ya ce gaskiya akwai. Ya toshe shi ne don a rage masa haraji, tunda da yawan ɗakuna ake yankawa, kuma ba shi kaɗai ke yin haka ba a garin. Babu komai a ciki sai tarkace. Idan ana shakkar tafiyar Aƙilu, a tambayi Ja'afar, dillalin gidan, a Rogo, shi ya gan shi da idonsa ya shiga mota.

Sufeto ya san mutum ba ya saurin amsa ƙaramin laifi sai da dalili. Ya bar kofur ɗaya a zaure, ya ce kada kowa ya fita, ya kama hanyar Rogo.

Ja'afar dillali yana rumfarsa, waya biyu a gaba, bakinsa ba ya hutawa. Kafin Sufeto ya zauna har ya tallata masa fili biyu da gida mai rijiya. Da aka ambaci Aƙilu sai murya ta ragu. Ya ce ƙwarai ya gan shi a tasha, da jar jakarsa ta fata a kafaɗa, wadda kowa ya san shi da ita.

"Aƙilu ya yarda a sayar da gidan?"

"To, yallaɓai, ka san yaro. Cewa ya yi muddin uwarsa tana raye ba mai taɓa bangon, wai a nan kaɗai take iya tafiya ba ɗan jagora."

"Da yana nan, da ba za ka ci la'ada ba ke nan."

Ja'afar ya ce shi dai abin da ya gani ya faɗa. Sufeto ya ce to ya zo ya maimaita a Karaye, ya sa shi a mota.

Bayan azahar aka sa diga a bangon. Ƙasar ta zube cikin sauƙi, dokin ƙofar ya bayyana daidai inda tsohuwa take ajiye fura. Wata iska mai sanyi ta fito, da warin rufaffen wuri da ɗan ƙamshin kafur. Matan da suka leƙo ta katanga suka ja da baya.

Babu tarkace a ciki. Gado a gyare, takalma a jere a bakin ƙofa. Jar jaka tana rataye a ƙusa.

Sufeto ya nuna wa Ja'afar ita da baki. Nan take dillali ya rantse bai taɓa ganin Aƙilu a tasha ba, Sanusi ne ya ce ya riƙa faɗin haka don cinikin ya tafi. Sanusi ya ce ƙarya ne, Ja'afar ne ya kawo masa labarin, kuma shi ya fi kowa son Aƙilu ya gushe. Kowannensu ya ɗora wa ɗayan laifin.

Sufeto ba ya jin su. Idonsa yana kan daɓen ɗakin, inda aka fasa aka mayar, dogo daga kudu zuwa arewa, da ɗan tudu.

Da ma'aikatan lafiya suka zo aka tona, abin da aka tarar ya ba kowa mamaki. Ba jefa gawar aka yi ba. Kabari ne sosai, an jera itace, an kwantar da mamacin a kan damansa yana fuskantar gabas. An naɗe shi da farin ƙyalle, an ɗaure da wani zare mai kauri, kaɗin hannu.

Wanda ya kashe don la'ada ba ya tsayawa wanka da kafur. Sufeto ya yanko ɗan guntun zaren, ya fito ya sa a tafin hannun tsohuwar.

Ta murza shi tsakanin yatsu, ta daɗe tana murzawa. Ta ce ita ta kaɗa shi lokacin tana gani, ta ɗaure likkafanin da ta zo da shi daga Makka, ta ɓoye a cikin azarar ɗakinta.

"Iya, wa ya san wurin?"

"Mutum biyu na nuna wa, don su za su sa ni a ciki. Ɗaya ga shi can an sa shi a ciki."

"Ɗayan fa?"

Kowa a unguwar ya san Turai ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, tun haihuwarsa sai dai ta ce Babba. Ta juya fuskarta daidai inda yake tsaye.

"Sanusi," ta ce.

Jin sunansa a bakinta ya fi ankwa karya shi. Ya zube a ƙasa yana kuka. Ya ce gardamar gidan ce ta yi zafi, ya tura Aƙilu, ƙeyarsa ta bugi turmi, bai ƙara motsi ba. Ya kasa jefar da ƙanensa a daji. Ya yi masa wanka, ya ɗauko likkafanin, ya yi masa salla shi kaɗai, ya toshe ƙofar da hannunsa. Ya ɗauka idan aka sayar aka rushe, aka zuba siminti, zai samu barci.

Sufeto ya sa aka sa masa ankwa, aka haɗa da Ja'afar saboda shaidar ƙarya. Ya kama masu laifi da yawa yana jin daɗi, amma ranar baƙin ciki kawai ya ji. Da aka zo wucewa da Sanusi ta gabanta, tsohuwar ba ta tsine masa ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Roƙo ɗaya ta yi, a sanar da liman, a kai Aƙilu maƙabarta cikin jama'a kamar ɗan kowa.

Naja'atu tana gefe tana naɗe tef ɗinta, ta rasa yadda za ta yi sallama. Tsohuwar ta ji motsinta, ta tambaya ko yarinyar haraji ce. Sannan ta miƙe ta bi bango da hannu, har hannun ya faɗa cikin ƙofar, ta tsaya a nan.

"'Yar nan, gidan ba na sayarwa ba ne," ta ce. "Ki ƙirga har da ɗakin Aƙilu. Zan biya."