Tsarabar Jizan

Tun da ƙaninsa Talha ya tafi hutun yawo a kan doki a duwatsun Jizan, can kudu mai nisa inda ake noman gahawa, aka neme shi da dokin aka rasa, Bashari bai ƙara samun barcin kirki ba. Kullum bayan isha'i sai ya je bakin kwarin Wadi Hanifa, kusa da Dir'iyya a gefen birnin Riyad, ya zauna shi kaɗai.

Wani dare ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali Riyad ta yi watanni rabonta da ruwan sama. Sai ga wani mahayi a gabansa, fuskarsa rufe da rawani. Jar laka na ɗiga daga kofaton dokin, amma babu sawu ko ɗaya a kan rairayi.

Mahayin bai yi sallama ba. Ya miƙo 'ya'yan gahawa jajaye, ɗanyu, da wani hannu mai sanyin ƙanƙara.

"Yaya, ga tsarabar da ka ce in kawo maka."

Bashari ya ce, "Talha, sauko mu tafi gida."

"Yaya, ai ba ni ke riƙe da linzamin ba."