Kyanwa Mai Ƙafa Biyar

A layin kemis ta ga rigar. Wata mata ce a gabanta riƙe da hannun ɗanta, yaron kuwa yana sanye da farar riga mai gajeren hannu, a ƙirjinta an buga kyanwa ruwan ɗorawa mai ƙafa biyar, kunnenta ɗaya ya fi ɗaya girma.

Ta san kyanwar nan. Lele ce ta zana ta da fensirin kala a bayan wani kwali, tana kwance rub da ciki a tsakar falo. Da aka tambaye ta dalilin ƙafa ta biyar, cewa ta yi ta ajiya ce, in ɗaya ta gaji sai ta huta.

Lele 'yarta ce, ita kaɗai Allah ya ba su. Shekararta huɗu zazzaɓi ya ɗauke ta, bara.

Da kyar ta iya tambayar matar inda ta samu rigar. Matar ta yi murmushi, ta ciro waya ta nuna mata shagon da ta yi oda a intanet, tana faɗin yadda yaron ba ya yarda a cire masa ita ko wanki za a yi. Sunan shagon da ta gani nasu ne, ita da mijinta.

Ba ta sayi maganin ba. Ta fice.

Shagon nan shi ya haɗa su tun farko. Ita mai zane ce, shi kuwa ko da'ira ba ya iya zanawa daidai, amma ya san yadda ake ɗora zane a shafin kamfanin da ke buga riguna. Ba sa ajiye kaya ko ɗaya. Mutum ya ga zane ya yi oda, kamfani ya buga ya aika masa, su kuma a ba su rabonsu. A kan tebur ɗaya suke aiki, kwamfutarsa na fuskantar tata, yana tsokanarta wai ya auri ma'aikaciyarsa don kada ya biya albashi. Ita kuma ta ce ai ita ce ta auri ɗan aikenta.

Tun rasuwar Lele ba ta sake zana komai ba. Shi ya ci gaba da riƙe shagon da tsofaffin zanenta, yana canza musu launi. Ba ta taɓa tambayarsa yadda ake ciki ba.

Ta same shi a gaban kwamfuta yana amsa saƙon wani mai saye. Ba ta yi sallama ba. Ta wuce ɗaki ta jawo durowar da take ajiye kayan Lele. Kwalin yana nan a cikin ledarsa, sai dai an juya shi ba yadda ta ajiye ba.

Ta dawo falo da shi a hannu.

"Abban Lele... sayar da ita ka yi?"

Ya kalli kwalin, ya kalle ta, fuskarsa ta sauya. Bai yi musu ba. Ya ce ya ɗauki hotonsa ne watannin baya, ya ɗora, kullum yana cewa gobe zai gaya mata.

"Na gan ta a jikin ɗan wata. A kemis. Kamar wata alamar sabulu."

"Ki zauna, abar ƙaunata, ki bari in yi miki bayani..."

"Kada ka kira ni da wannan sunan. Abu ɗaya ya rage min da hannunta ya zana, shi ka sa wa farashi."

Ya buɗe baki ya rufe. Shirun nan ya fi komai ƙona mata rai, don irinsa ya yi ranar rasuwar, irinsa ya yi bayanta. Ba ta taɓa ganin hawayensa ba. A ranta ta daɗe da yanke cewa mutumin nan bai ji mutuwar 'yarsa yadda ta ji ba, yau kuma ga shaida.

Ta haɗa kayanta a jaka ɗaya, ta ɗauki kwalin. Ya biyo ta har bakin titi ba takalmi, yana roƙo ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Ba ta waiwaya ba.

A gidansu, Yaya ne ya fi kowa ɗaukar zafi. Shi ne babba, shi ya tsaya mata a matsayin uba tun rasuwar mahaifinsu, kuma dama bai taɓa ɗaukar sana'ar mijin nata a bakin komai ba. Yakan ce namijin da yake wuni a falo yana sayar da rigar da bai taɓa riƙewa a hannu ba, ba shi da sana'a. Yanzu ya samu abin faɗa. Ya ce ba za ta koma ba sai da izininsa, ita ma ta ce ba ta da niyya.

Umma kuwa sai ta gyara mata tsohon gadonta.

Tun a ranar mijin ya sauke zanen daga shagon, ya turo mata saƙo ya faɗa. Ta karanta ba ta amsa ba. Me saukewa za ta yi? Rigunan da aka riga aka buga suna can a jikin mutanen da ba ta sani ba, a garuruwan da ba za ta taɓa zuwa ba. Ta daina fita kasuwa don tsoron kada ta sake cin karo da ɗaya.

Ya yi ta zuwa. Yakan tsaya a bakin ƙofa da yamma, Yaya ya fita ya sallame shi da magana mai kaushi. Tana jin muryarsa ta taga, yana ba da haƙuri, yana tambaya ko tana cin abinci. Wani lokaci har ta miƙe, ta kai hannu ga labule, sai kyanwar ta faɗo mata a rai ta koma ta zauna. Rannan ta ji Yaya ya ce masa in yana da sauran kunya ya daina zuwa. Tana ji, ba ta fito ba.

Ya daina zuwan.

Da farko ta ɗauka sauƙi za ta ji. Sai ta tsinci kanta kowace yamma tana kasa kunne ga ƙarar ƙofa. Watanni suka shuɗe haka. Yaya ya fara zancen a raba auren kowa ya huta, ita kuma in aka tambaye ta sai ta sunkuyar da kai, ya ɗauki hakan a matsayin amsa.

Wata safiya suna ninke wanki ita da Umma, Umma ta yi magana ba tare da ta ɗago ba. Ta ce ita ba ta ce abin da ya yi daidai ne ba, ya yi laifi, babba ma. Amma akwai abin da ta daɗe tana son tambaya.

"Auta, lokacin rasuwar nan, ke kin samu kafaɗata, kin samu ta 'yan'uwanki. Shi wa ya samu?"

Ta ce ai shi bai nuna yana buƙata ba.

Umma ta ce ita ta gan shi. Ranar da 'yan zaman makoki suka watse, ta fito zubar da ruwa ta hango shi a cikin mota shi kaɗai, ya kifa kai a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Da ya ga ta gan shi sai ya goge fuska, ya roƙe ta kada ta faɗa, wai in ya karye wa zai riƙe matarsa.

"Na riƙe masa alkawari har na ga riƙewar na neman kashe aure. Yayanki yana sonki, amma ba shi zai zauna da ke ba."

Rigar da ke hannunta ta zame ta faɗi. Ta tuna yadda yake kawo mata shayi bakin gado, yadda yake rage ƙarar madannan kwamfuta in tana barci, yadda ya kwashe takalman Lele daga bakin ƙofa don kada ta riƙa gani. Duk ta lissafa su a cikin rashin damuwa.

Ba ta jira Yaya ya dawo daga aiki ba.

Ƙofar gidan mijinta a buɗe take. Falon ya yi mata fili, sai daga baya ta gane teburin aikinsu ne babu. Ya fito daga ɗaki sanye da rigar ma'aikatan wani kamfanin kai saƙo, hula a hannu. Ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Ya tsaya yana kallonta kamar mai tsoron in ya motsa za ta ɓace.

Ta tambayi teburin. Ya ce ya rufe shagon gaba ɗaya. Ya kasa buɗe shafin ba tare da ya ji kunyar kansa ba, kuma dama shagon hannunta ne, shi ɗan aike ne kawai. Yanzu ga shi ya zama na gaske.

Ya yi ƙoƙarin murmushi, bai yiwu ba. Ita kuwa sai ta ji kamar an soke ta. Abin da suka gina tun kafin aure, tun suna zama a benci da tsohuwar kwamfuta ɗaya, ya tafi tana can tana fushi.

"Ranar nan ka ce zan zauna ka yi min bayani," ta ce. "Ga ni na zauna."

Ya zauna a ɗaya gefen kujerar, yana murza hular. Ya ce da farko riga ɗaya ya so a buga masa, tasa shi kaɗai. Da ta iso ya ga kyanwar a jikin yadi, sai ya kasa ɓoye zanen. Kwana kaɗan wata ta saya, ta rubuto cewa 'yarta ta raɗa wa kyanwar suna, tana kwana da rigar. Ya karanta saƙon ya fi a ƙirga.

"Sai na ji kamar Lele ta yi ƙawa. Ba ta shiga makaranta ba, ba ta yi ƙawaye ba, ba wanda ya san ta sai mu. Na so a san ta zo duniya, ta yi wani abu mai kyau. Amma naki ne kamar yadda yake nawa, ban da ikon yanke wannan ni kaɗai. Na sani. Tsoron fuskarki ya hana ni faɗa."

Har yanzu abin yana mata ciwo, kuma ta gaya masa hakan. Ya gyaɗa kai. Sai ta ce shi ya ɓoye mata abu ɗaya, ita kuwa shekara guda ta yi suna gado ɗaya ba ta taɓa juyowa ta tambaye shi yaya zuciyarsa ba.

"Kai ka kai ta asibiti ranar nan, ni na biyo ku daga baya da kaya. Ban taɓa tambayarka ba... ta yi magana a mota?"

Ya ce ta yi. Ta yi kuka kaɗan saboda ciwon kai, sannan ta riƙe masa yatsa.

"Ta ce, Abba, kada ka gaya wa Mami na yi kuka. Mami ta ce ni jaruma ce."

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Ya rufe fuska da hular, kukan da ya riƙe tun bara ya ƙwace masa, mai sauti, irin na yaro. Ta matsa ta jawo kansa zuwa ƙirjinta, tana kuka tana faɗin ya yafe mata, shi ma yana faɗin haka, har ba a gane muryar wa ke fita.

Bai je aiki ba ranar.

Can da la'asar wayarta ta yi ƙara. Yaya ne, ransa a ɓace, yana tambayar ina ta shiga ba ta gaya wa kowa ba. Ta dubi mijinta da barci ya ɗauke a kan kujera, idanunsa a kumbure, hannunsa riƙe da gefen mayafinta.

"Ka yi haƙuri, Yaya," ta ce a hankali. "Ina gida. Na daɗe ban zo ba ne."